Wurin Cajin Mota a Gidan Akpakpa: Mita, Yashi da Iskar Teku

Akpakpa ita ce ɓangaren birnin Kwatano da ke gabas da mashigin ruwan da ya haɗa tafkin Nokoué da Tekun Atlantika, kuma gadoji uku ne suka haɗa ta da sauran birnin, inda kasuwar Dantokpa da tashar jiragen ruwa da tsohuwar unguwar Zongo suke. Ta cikinta babbar hanya ta ratsa ta nufi Sèmè-Kpodji, inda ta rabu biyu, reshe ɗaya ya yi Porto-Novo, ɗayan kuma ya miƙe zuwa iyakar Najeriya a Sèmè-Kraké. A gefen wannan hanya, wajen Sèkandji da Ekpè, aka shimfiɗa filayen motocin gwanjo waɗanda suka sa kalmar Kwatano ta zama sunan tsohuwar motar Turai a bakin mutanen Kano da Katsina da Maraɗi. Hausawan Zongo, da waɗanda suka haye gada suka kama haya ko suka yi gini a Akpakpa, da yawansu a kewayen wannan harka suke neman abinci, wasu dillalan mota, wasu direbobi, wasu 'yan canji, saboda haka duk wani sauyi da ya shafi abin hawa yakan iso musu tun kafin ya isa Arewa. Sauyin da ya fara leƙowa yanzu shi ne mota mai aiki da batir, wadda yawancin cajinta a gida ake yi, kuma wannan ya mayar da gidan kansa wani ɓangare na lissafin sayen mota.

Shekaru masu yawa abin da ya riƙe sufurin Kwatano shi ne kpayo, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage a sayar a manyan kwalabe a bakin titi, wanda arharsa ta samo asali daga tallafin da gwamnatin Najeriya ke biya. Da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin kwalba ya yi tashin gwauron zabi a Kwatano cikin 'yan kwanaki, har ya kamo na gidajen mai, wani lokacin ma ya wuce shi. Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa ko kabu-kabun birnin masu riguna ruwan ɗorawa, waɗanda sunansu a harshen Fon yake nufin a ɗauki mutum da sauri. Shekara guda kafin wannan, a 2022, kamfanin M Auto, wanda ya koma Spiro a 2023, ya fara zuba babura masu batir a Benin da Togo, kuma tsarin da ya zo da shi abin lura ne ga mai nazarin caji a gida. Kamfanin bai jingina da soket ɗin ɗakin mai babur ba. Ya buɗe tashoshin musaya ne, inda mai babur zai ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna. Gaggawar mai neman fasinja tana cikin dalilan wannan tsari, amma yanayin gidajen da yawancin 'yan zemijan ke kwana, ɗakunan haya masu mita ɗaya da siririyar waya, shi ma dalili ne mai ƙarfi.

Mota kuwa ba a cire batirinta a ɗora a kafaɗa, domin nauyinsa yakan kai ɗaruruwan kilo kuma a ƙarƙashin motar yake shimfiɗe. A dokar kasafin kuɗi ta 2022, gwamnatin Shugaba Patrice Talon ta yi babban rangwamen kuɗin kwastam a kan sababbin motoci, kuma masu aiki da lantarki ne suka sami kaso mafi girma na rangwamen. Sai dai wuraren cajin jama'a ba su da yawa a ƙasar, don haka wanda ya sayi irin wannan mota ya ɗauki nauyin samar mata da wurin caji a inda take kwana.

Abin da ake kira wurin caji a gida akwati ne ɗan madaidaici da ake kafawa a bango, da kebur mai kauri da ake soka wa mota, kuma sunan yana ɗan ruɗar da mutane, domin ainihin cajar tana cikin motar. Wutar da kamfanin lantarki ke kawowa gida mai kai-komo ce, wato tana zuwa ta dawo sau hamsin a kowace daƙiƙa, shi kuwa batir ba ya karɓar komai sai wuta mai miƙewa a alkibla ɗaya, kuma na'urar da ke juya wancan nau'i zuwa wannan ita ce cajar da masana'anta ta ɗaura a cikin motar. Aikin akwatin bango shi ne tsaro da sulhu tsakanin gida da mota: yana tabbatar da cewa bakin kebur ya zauna daidai kafin ya saki wuta, yana sanar da motar iyakar abin da wayar gidan za ta iya ɗauka domin kada ta ja fiye da haka, kuma yana katse wutar idan ya ji matsala. Manyan na'urorin caji mai sauri da ake gani a bakin manyan hanyoyin Turai da Sin, masu ba da kilowat 50 zuwa sama, su ne ke juya wutar da kansu, kuma ba kayan gida ba ne.

Ma'aunai huɗu ne mai gida yake buƙatar sani kafin ya zauna da mai aikin wuta. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta, kuma a Benin layin gida na bolt 220 ne. Amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wat dubu kuma shi ne kilowat ɗaya, wanda ke nuna saurin shan wuta. Na huɗu shi ne kilowat-awa, wato abin da na'ura mai kilowat ɗaya za ta sha cikin awa guda, kuma da shi ne mita ke lissafi, da shi ne kuma ake auna girman batir. Soket na gama-gari, idan aka taƙaita shi a amfiya 10, yana ba da kilowat 2.2, soket mai ƙarfi da aka ja wa waya ta musamman yana kai amfiya 16, wato kusan kilowat 3.5, akwatin bango kuma a layi ɗaya yana kai amfiya 32, wato kilowat 7. Gidan da ke da layi uku, irin wanda masu injin niƙa da masu walda ke amfani da shi, yana iya samun kilowat 11 ko 22, muddin cajar da ke cikin motar za ta iya karɓa, abin da da yawa ba sa iyawa. Batirin Nissan Leaf ƙirar 2018, mai kilowat-awa 40, zai ɗauki fiye da awa 18 kafin ya cika daga ƙasa a soket na gama-gari, amma a akwatin kilowat 7 awa shida zuwa bakwai sun ishe shi.

Waɗannan alƙaluma sukan sa mai saye ya ɗauka cewa dole ne ya kafa akwati mafi ƙarfi, alhali kuwa ba kasafai ake cika batir daga ƙasa ba. Ƙaramar mota tana shan kilowat-awa 15 zuwa 20 a kilomita 100, kuma mutumin da ke tashi daga Akpakpa ya haye gada zuwa Dantokpa ko tashar ruwa, ya kai yara makaranta, ya leƙa filin motoci a Sèkandji, da wuya ya wuce kilomita 40 a yini. Abin da zai mayar wa batir da dare bai wuce kilowat-awa 7 ko 8 ba, wanda soket mai amfiya 16 zai zuba cikin awa biyu da 'yan mintuna, na amfiya 10 kuma cikin ƙasa da awa huɗu. Ga irin wannan mutum, kuɗin da zai kashe a kan akwati mai kilowat 22 ya fi amfani idan ya zuba shi a waya mai kyau da sandar ƙasa, wadda za a yi bayaninta a gaba, domin a nan ne gidajen unguwar suke da rauni.

Mita da gidan haya

Kamfanin da ke rarraba wuta a Benin shi ne SBEE, kuma duk wanda ya nemi mita, ko konta kamar yadda Hausawan ƙasashen rainon Faransa ke cewa, yana zaɓar ƙarfin da za a ba shi ne bisa adadin amfiya. A kan wannan adadi ake saita babban makatsin wutar gidan, wanda masu aikin wuta a Kwatano ke kira disjoncteur, na'urar da ke faɗuwa ta ɗauke wuta idan abin da ake ja ya zarce abin da aka yarda. Gidan da ke da mita mai amfiya 10 yana da kilowat 2.2 kacal ga komai da komai, firji da fankoki da talabijin da dutsen guga, kuma mota ita kaɗai za ta cinye wannan baki ɗaya ko a soket na gama-gari. Wanda yake son akwatin kilowat 7 yana buƙatar amfiya 32 ga motar, sannan a ɗora abin da gidan ke sha da dare, lokacin da na'urar sanyaya ɗaki take aiki, wadda ita ma takan ja kilowat ɗaya ko fiye. Saboda haka matakin farko a ofishin SBEE yake, inda ake neman ƙarin ƙarfi ko sabon mita, kuma amsar ta dogara ne da ƙarfin taransifomar unguwa da kaurin wayar da ta taho daga turke. Akwai akwatunan da ake haɗa wa na'urar auna abin da gida ke sha, su riƙa rage wa mota kaso idan an kunna wani abu mai nauyi su mayar mata idan an kashe, kuma a gidan da mitarsa take tsaka-tsaki wannan dabara ta fi neman layi uku sauƙi.

Matsalar ta fi tsanani a gidajen haya, waɗanda su ne mafi yawa a tsofaffin unguwannin birnin. Tsarin da aka saba shi ne jerin ɗaki da falo a tsakar gida ɗaya, mita ɗaya da sunan mai gida, sannan ko a raba kuɗin wuta bisa yawan ƙwan lantarki da fankoki, ko a kafa wa kowane ɗaki ƙaramin mita na ciki da ake kira décompteur, wanda ba SBEE ce ta ba da shi ba, mai gida ne ya saya domin rabon lissafi. A gefen birni kuma akwai abin da mutanen ƙasar ke kira saƙar gizo-gizo, wato siraran wayoyin da ake ja daga gidan mai mita zuwa gidajen da ba su da shi, bisa sanduna da rassan itace, wani lokaci tsawon ɗaruruwan mita. Irin wannan waya tana iya riƙe ƙwan lantarki da cajin wayar hannu, amma ba a yi ta domin na'urar da za ta ja amfiya 10 awa huɗu ba tare da hutu ba. Ko da waya ta jure, zaman lafiyar tsakar gida ba zai jure ba, domin farashin SBEE hawa-hawa ne: kason farko na abin da aka sha a wata yana da rangwame saboda masu ƙaramin ƙarfi, abin da ya haura kuma ana biyansa da tsada. Motar da ke shan kilowat-awa 200 a wata za ta tura mitar gidan gaba ɗaya zuwa hawa mai tsada, ta yadda bazawarar da ke da fanka ɗaya a ɗakin ƙarshe za ta tarar tana biyan wani abu daga kuɗin tafiyar maƙwabcinta. Ɗan haya mai son caji ba shi da mafita mai tsabta sai mita na kansa, da yardar mai gida a rubuce wadda ta fayyace wanda zai mallaki waya da akwati ranar da haya ta ƙare.

Duk da tsadar hawa na sama, lissafin yana goyon bayan lantarki. Idan aka ɗauki misalin sefa 150 a kowane kilowat-awa, aka kuma ƙara abin da ke lalacewa a matsayin zafi lokacin caji, wanda yakan kai kashi 10 cikin ɗari, kilomita 100 za su ci kimanin kilowat-awa 19, wato sefa 2,850. Mota mai shan lita 8 a wannan tazara, idan lita tana sefa 700, za ta ci sefa 5,600. Ratar ta kusa rabi, kuma da a ce kpayo yana nan a farashinsa na kafin 2023 da ta ragu ƙwarai.

Waya, ƙasa da ruwa

Bambancin mota da sauran kayan wuta na gida shi ne tsawon lokacin da take ja ba ƙaƙƙautawa. Dutsen guga yana kamawa yana saki, firji yana tashi yana kwanciya, amma mota tana riƙe da cikakken ƙarfi awanni a jere, galibi cikin dare lokacin da kowa ya yi barci. Zafin da waya ke yi yana ƙaruwa fiye da yadda amfiya ke ƙaruwa, domin idan aka ninka amfiya sau biyu zafin yakan ninku sau huɗu, kuma yana taruwa ne a wuraren da haɗi ya yi sako-sako, kamar bayan soket ko cikin abin ƙarin soket mai jela. Don haka ƙa'ida ita ce a ja wa wurin caji waya tasa shi kaɗai tun daga allon rarraba wuta, ba tare da wani reshe ba. Masu aikin wuta na Benin galibi a kan ƙa'idojin Faransa suka koyi sana'a, kuma a can ana ba soket mai amfiya 16 wayar tagulla mai kaurin milimita 2.5 murabba'i, akwatin kilowat 7 kuma mai milimita 10, a ƙara kauri idan nisa ya yi yawa domin bolt yana raguwa a doguwar waya. A kasuwannin yankin akwai wayoyin da aka rubuta musu kauri fiye da na gaskiya, da waɗanda cikinsu alminiyam ne aka shafe da ruwan tagulla, kuma ana gane su da rashin nauyi da farin da ke bayyana idan an kankare bakin. Araha ba ta ado, kuma a wannan fanni abin da take jawowa gobara ce.

Bayan makatsin da ke kare waya daga nauyi, akwai na biyu mai kare ran mutum, wanda za a iya kira makatsin yoyo. Aikinsa shi ne gwada wutar da ta fita da wadda ta dawo, kuma idan ya ga an sami giɓin da ya kai miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya, sai ya ɗauka cewa wutar ta bi ta jikin wani ko ta jikin ƙarfen mota, ya katse nan take. Mota tana da wata matsala ta daban a nan, domin lalacewar cajarta na iya sakin wuta mai miƙewa cikin layin, ita kuwa irin wannan wuta, ko kaɗan ce, tana iya makantar da makatsin yoyo na gama-gari ya kasa faɗuwa a lokacin da ake buƙata. Maganin shi ne ko a sa makatsi nau'in B, mai tsada, ko a sayi akwatin da ke da na'urar gano yoyon wuta mai miƙewa na miliamfiya 6 a cikinsa a haɗa shi da makatsi nau'in A. Wannan bayani yana rubuce a takardar kowane akwati na ƙwarai, kuma akwatin da takardarsa ta yi shiru a kai bai cancanci a saya ba.

Makatsin yoyo yana cika aikinsa ne idan akwai wayar ƙasa, wato waya ta uku mai launin kore da ruwan ɗorawa wadda ke haɗa jikin ƙarfen na'ura da sandar da aka kafa cikin ƙasa, domin wutar da ta ɓace ta sami hanyar da ta fi jikin mutum sauƙi. A tsarin da ake bi a ƙasashen rainon Faransa, kamfanin wuta ba ya kawo wannan waya, mai gida ne ke kafa tasa sandar, kuma tsofaffin gidaje da yawa an ja musu waya biyu ne kawai ko da soket ɗinsu yana nuna alamar ta uku. Kyawun sanda ana auna shi da ohm, ma'aunin turjiyar da ƙasa ke yi wa wuta, kuma ƙa'idar Faransa ba ta yarda ya wuce 100 ba. Wasu motocin, kamar Renault Zoe, sun yi suna wajen ƙin karɓar caji sam idan suka ji ƙasar ba ta da kyau. Akpakpa a kan yashi take zaune tsakanin teku da tafki, kuma busasshen yashi yana cikin mafi munin abin da ke ɗaukar wuta, sai dai ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa ƙwarai, don haka sandar da ta nutse ta kai ga danshi takan ba da sakamako mai kyau. Abin lura shi ne lokacin awo: sandar da aka gwada a watan Yuni, ƙasa tana jiƙe, tana iya ba da wani adadi dabam a watan Janairu, lokacin da ruwan ya ja baya, saboda haka awon rani ne abin dogaro. Danshin mai gishiri-gishiri kuma yana cin maɗaurin da ke haɗa waya da sanda, shi ya sa ake barin ɗan rami mai murfi a kansa domin dubawa.

Ruwan da ke taimakon sanda a ƙasa shi ne abokin gabar akwati a sama. Kudancin Benin yana da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma a ƙaramar ce ruwan kogin Ouémé ke gangarowa daga arewa ya cika tafkin Nokoué ya malala cikin unguwannin da ke bakinsa, kamar yadda ya faru da tsanani a 2010. A unguwanni masu kwari irin su Avotrou da Yagbé, bangon gida yakan riƙe tabon inda ruwa ya taɓa kaiwa, kuma wannan tabo ne ya kamata ya yanke tsayin da za a kafa akwati da duk wani haɗin waya, da tazara mai kyau a samansa. Ana rubuta juriyar akwati da haruffan IP da lambobi biyu, ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa, kuma na waje bai kamata ya gaza IP54 ba, IP65 ya fi idan ba rumfa. A ɓangaren teku kuwa, inda igiyar ruwa ta daɗe tana cin gaɓa tun bayan gina tashar jiragen ruwa a shekarun 1960, iska mai gishiri tana sa ƙarfe tsatsa cikin ƙanƙanin lokaci, don haka akwatin roba mai kauri da sukurori marasa tsatsa sun fi na ƙarfe daɗewa. Tsawar farkon damina ita ma tana turo bolt mai yawa ta layi, kuma na'urar da ke shanye wannan turi, wadda ake kafawa a allon rarraba wuta, kuɗinta bai kai komai ba idan aka kwatanta da cajar cikin mota.

Wutar kanta ta samu sauƙi idan aka kwatanta da shekarun baya. Benin ta daɗe tana dogaro da abin da hukumar CEB, wadda ita da Togo suka kafa a 1968, ke sayowa daga Ghana da Najeriya, ciki har da ta layin Ikeja zuwa Sakété, tare da madatsar Nangbéto da ke kan kogin Mono. A watan Agustan 2019 aka buɗe tashar Maria-Gléta mai megawat 127 a Abomey-Calavi, a 2022 kuma tashar hasken rana ta Illoulofin mai megawat 25 a Pobè, yayin da tallafin dala miliyan 375 na hukumar MCC ta Amurka ya tafi mafi yawa wajen gyaran layuka da tashoshin rarrabawa. Ɗaukewar wuta ta ragu amma ba ta ƙare ba, kuma bolt yakan yi ƙasa da magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa, dalilin da ya sa saita caji ya fara bayan tsakar dare ya fi alheri ga motar da taransifomar unguwa. Yana da kyau a tabbatar akwatin yana ci gaba da caji da kansa idan wuta ta dawo, domin wasu sai an sake taɓa su. Faifan sola na kimanin kilowat 2 yana iya samar da kilowat-awa 7 ko 8 a yini mai rana, amma motar ɗan kasuwa tana waje a lokacin, kuma ajiye wutar a wani batir har dare yana ninka kuɗin aikin. Janareta kuwa yana mayar da mai mota ga fetur ɗin da ya guda, kuma ƙananan janareta da yawa ba su da haɗin ƙasa da akwati zai yarda da shi.

Sabuwar wayar cikin gida a Benin tana ƙarƙashin binciken hukumar CONTRELEC, wadda ke duba aikin kafin a haɗa sabon mita, kuma wanda zai nemi mita na musamman domin mota ta wannan ƙofa zai bi. Wurin da za a kafa akwatin ya nisanci duk inda ake ajiye jarkokin fetur, al'adar da ta zama ruwan dare a birnin da kpayo ya raina. Gobarar da ta tashi a wani ma'ajin kpayo a Sèmè-Kraké ranar 23 ga Satumba, 2023, wadda ta hallaka mutum fiye da talatin, ba ta da alaƙa da caji, amma ta nuna abin da tururin fetur ke yi idan ya haɗu da tartsatsi a rufaffen wuri.

Sauran magana ta dillalai ce, kuma a nan Hausawan filin motoci suke da ruwa da tsaki. Tashar Kwatano tana karɓar motoci daga Turai da Amurka da Asiya, kuma kowane yanki da irin bakin cajinsa. Motocin Turai suna amfani da wanda ake kira Type 2, tsofaffin motocin Amurka da Japan suna da Type 1, Tesla da aka yi wa kasuwar Amurka tana da nata, motocin da aka ƙera domin cikin ƙasar Sin kuma suna bin ma'aunin GB/T, wanda a ido yake kama da na Turai amma ba sa shiga juna kai tsaye. Akwatin da ya zo da keburinsa a liƙe yana ɗaure mai gida ga nau'i ɗaya, shi kuwa mai soket ɗin Type 2 a jikinsa yana ba da damar canza kebur idan an canza mota, wanda ya fi dacewa da gidan da mota ba ta daɗewa kafin a sayar. Ƙaramin keburin da ke zuwa a but ɗin motar Amurka wani lokaci na bolt 120 ne kawai, kuma soka shi a layin bolt 220 yana ƙona shi, ko da yake cajar cikin motar tana karɓar duka biyun. Tsohuwar mota kuma batirinta ya riga ya rage ƙarfi, zafin gaɓar teku yana ƙara masa tsufa, musamman irin na Leaf da ba shi da ruwan sanyaya, shi ya sa caji a hankali cikin sanyin dare, a tsaya a kashi 80 cikin ɗari a ranakun da ba tafiya, ya fi masa lafiya.

Cajin gida yana isar mai mota zuwa Porto-Novo ko iyakar Sèmè-Kraké, kowanne kimanin kilomita 30, ko Ouidah mai kimanin kilomita 40, ya je ya dawo da saura mai yawa. Hanyar Arewa, wadda fataken Zongo suka fi sani, lissafinta dabam ne, domin Parakou tana da nisan fiye da kilomita 400, Malanville kuma, inda gada ta haye kogin Kwara zuwa Gaya, ta haura kilomita 700, alhali batirin kilowat-awa 40 da ƙyar yake kai kilomita 250 ko yana sabo.